Injin CNC mai turet biyu ko uku: tambayoyin da ake yawan yi kafin a zuba kuɗi

Tambayoyin nan su ne suka fi fitowa daga bakin masu wajen sassaƙar ƙarfe da oda ta yi musu yawa, injinsu mai turet ɗaya ya daina isarsu, suka fara leƙen manyan injinan CNC, wato waɗanda kwamfuta take sarrafawa, masu sifindil biyu (sifindil shi ne abin da yake riƙe ƙarfen yana juya shi). Na sa musu lamba saboda wata amsar tana jingine da wata.

1. Wai meye bambancin inji mai turet da yawa da CNC ɗin da muka saba?

Turet shi ne faifan nan mai juyawa da ake ɗaura wuƙaƙe da dirila a jikinsa, yawanci gida 12 ne, wasu kamfanonin suna ƙara tsayawa tsakanin gida da gida ya koma 24. Injin da muka saba turet ɗaya sifindil ɗaya, wato wuƙa ɗaya ce tak take cin ƙarfe, sauran suna zaune suna kallo, in an gama fuskar gaba sai ofareta ya buɗe ƙofa ya juya kayan da hannu ya sake ɗaurewa a yi bayan.

Shi kuwa wannan sifindil biyu ne suna kallon juna, turet ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, wani ma biyu a sama ɗaya a ƙasa. Rodi ya shigo ta sifindil na hagu a yi gabansa, na dama ya taho ya cafke shi suna juyawa da gudu ɗaya, a datse, ya koma da shi a yi bayan, a daidai lokacin kuma na hagu ya riga ya fara sabuwar ƙwaya. Kaya ya fito a gama ba hannun mutum a ciki. Akwai kuma mai sifindil ɗaya da turet biyu irin Okuma LU, wannan na masu dogayen shaf ne.

2. Toh in turet biyu ne aikin zai ninka kenan?

A'a, kuma nan ne mutane suka fi ruɗuwa. Lokacin ƙwaya ɗaya ba jimillar aiki raba biyu bane, ɓangaren da ya fi daɗewa shi ne yake yanke hukunci. Bari in ba da misali na lissafi kawai. Ka ce kayanka yana cin daƙiƙa 120 a inji mai turet ɗaya, ƙwaya 30 kenan a awa. Ka kawo shi nan, aikin gaba daƙiƙa 70, aikin baya 40, miƙawa da datsewa 10. Zagayenka ya zama 80 ba 60 ba, domin turet ɗin da ya gama nasa a daƙiƙa 40 zai tsaya daƙiƙa 30 yana jiran ɗan'uwansa. Ƙwaya 45 a awa kenan. Ci gaba ne sosai amma ba ninki bane.

In ka iya kwashe wani aikin daga gaba ka mayar baya har suka kusa yin kunnen doki, misali 55 da 55, sai zagayen ya sauko 65. Wannan rabon shi ne asalin gwanintar aikin, kuma ba kowane kaya ne yake yarda a raba shi haka ba, akwai wanda kusan duk aikinsa a fuska ɗaya yake, bayan ɗan share baki ne kawai. Irin wannan ka sayi sifindil na biyu mai tsada ne don ya share baki.

3. Wane irin kaya ne ya dace da shi?

Kayan da ake yi daga rodi, mai aiki a fuska biyu, wanda odarsa take dawowa kowane wata: kawunan tiyon haidirolik, bushin, gajerun shaf, jikin bawul, kayan famfo, noti na musamman. In akwai hudar gefe ko lebur ɗin da sifana za ta kama ai sai ya ƙara dacewa, tunda wuƙaƙe masu juyawa da kansu za su yi shi a ciki ba sai an kai injin milin ba, wato wanda wuƙarsa take juyawa kaya yana tsaye.

In kayanka siriri ne dogo, ƙasa da milimita 20 ko 32 kauri, tsawonsa ya ninka kaurinsa sau da yawa, toh injin da ake ce wa Suwis ya fi, irin na Citizen, Star, Tsugami ko Tornos. In kuma kaya ne masu kusurwoyi barkatai kuma ƙwaya ashirin-ashirin ake kawo maka, ka duba masu kan milin mai karkatawa da ma'ajiyar wuƙaƙe irin Mazak Integrex, Okuma Multus ko DMG Mori NTX. Su sauya wuƙa yana ɗaukarsu daƙiƙoƙi, turet kuwa ƙiftawar ido ne, shi yasa a yawan kaya turet yake cinye su.

4. Ƙwaya nawa ya kamata oda ta kai kafin ya biya?

Babu lamba ɗaya ta kowa amma lissafin ba wuya. Ɗauki misalin tambaya ta 2, kana rage daƙiƙa 40 a kowace ƙwaya. In saita ƙaramin injinka awa 2 ne, wannan kuma awa 6 saboda wuƙaƙe sun yi yawa ga cok biyu, wato bakin sifindil da yake cafke kaya, ga gwajin furogiram a hankali, ka yi asarar awa 4, daƙiƙa 14,400 kenan, raba da 40 ya ba ka 360. Wato sai ka wuce ƙwaya 360 kafin ka fara cin ribar saurin, kuma ko tsadar awar injin ba mu saka ba. Abin da yake gyara lissafin shi ne in kayanka dangin juna ne, rodi kauri ɗaya wuƙaƙe iri ɗaya, ka bar su a ɗaure ka sauya furogiram kawai. Mai sauya aiki sau biyu a rana da kaya mabambanta, gaskiya ƙananan injina biyu sun fi masa.

5. Biyu zan saya ko uku?

Na ukun amfaninsa a ce kowane sifindil yana da turet nasa a sama, na ƙasan kuma yana zuwa ya taimaki duk wanda aiki ya yi wa yawa. A misalin can in ya ɗauke wa gaba daƙiƙa 25 zagayen ya koma 55, kusan ƙwaya 65 a awa. Amma fa kuɗi ya ƙaru, wurin motsi a ciki ya ƙuntata, hanyoyin furogiram sun zama uku, abin da zai iya karo da wani ya ƙaru. Ni a ganina wanda bai taɓa riƙe inji mai hanyar furogiram biyu ba kar ya fara da uku, sai dai in kaya ɗaya ne zai riƙa bugawa dare da rana kuma an gwada masa a gabansa yadda na faɗa a tambaya ta 10.

6. Su waye suke ƙera su?

Nakamura-Tome na Japan sun yi suna a nan, WT da WY masu turet biyu, NTY3 mai uku. Okuma suna da LT2000 EX da LT3000 EX, biyu ko uku, da kwamfutarsu ta kansu OSP. DMG Mori akwai NZX, Mazak akwai HQR da Multiplex, Miyano da ke ƙarƙashin Citizen akwai BNE da ABX, Index na Jamus akwai C100 da C200, Biglia na Italiya ma suna yi. Daga Koriya ta Kudu akwai Puma TT na Doosan, waɗanda suka koma DN Solutions a 2022. Duka injina ne na kirki, tambayar da ta fi suna muhimmanci tana lamba 13.

7. A takardar bayanin inji me zan fi sa wa ido?

Farko kaurin rodin da zai wuce ta cikin sifindil, milimita 42, 51 da 65 su ne aka fi gani, kuma ka duba na dama ma domin sau da yawa ya fi na hagu ƙanƙanta da rashin ƙarfi. Kar ka sayi mai 65 don kawai "ko wata rana" alhali aikinka na 25 ne, babban sifindil ya fi jinkirin tashi da tsayawa, gudunsa ma bai kai na ƙarami ba, a kayan daƙiƙa 50 wannan ba ƙaramin abu bane.

Sai ƙarfin mota. Lambar da suke bugawa da manyan baƙi yawanci ta ɗan lokaci ce, minti 15 ko 30, ka nemi ta aiki ba tsayawa, ka kuma nemi zanen da ke nuna ƙarfin murɗawa a kowane gudu. In wuƙa biyu za su ci ƙarfe lokaci ɗaya a sifindil ɗaya ai ƙarfin nan raba shi za su yi. Sannan layin Y, wanda yake ba turet damar matsawa gefe daga tsakiya don huda ko milin: a wane turet yake? Wasu injinan na sama ne kawai yake da shi, sai ka ga duk aikin milin ya taru a kansa na ƙasa yana hutu, rabon da muka yi magana a tambaya ta 2 ya lalace.

8. BMT ko VDI?

Hanyoyi biyu ne na ɗaura mariƙin wuƙa a turet. VDI sanda ce mai haƙora da ake zurawa a rami a ɗaure da kusa ɗaya, saurin sauyawa gare shi. BMT kuwa da noti huɗu ake ɗaure shi a fuskar turet da makullan da suke zaunar da shi daram, ya fi tauri wajen milin da yanka mai nauyi. Mai yawan sauya aiki VDI zai masa daɗi, mai bugun kaya ɗaya a sitenles ko ƙarfe mai tauri BMT. Abin da ba a faɗa maka a kwateshin shi ne kuɗin mariƙan kansu, musamman masu juyawa, turet uku gida 36 ne, cika su kaɗai kuɗi ne mai kauri, kuma wasu kamfanonin tsarin ɗaurinsu nasu ne su kaɗai, na wani injin ba zai shiga ba.

9. Furogiram ɗinsa fa, yaron da yake min na yanzu zai iya?

Zai iya koya amma ba ranar da aka sauke inji ba. Kowane turet furogiram ɗinsa daban, suna tafiya lokaci ɗaya, ana haɗa su da lambobin jira: wannan ya iso nan ya tsaya har sai wancan ya iso nasa wurin. A kwamfutar Fanuc lambobin M ne da kamfani ya ware, wasu daga M100 suke farawa, a Siemens WAITM ne, Okuma kuma suna amfani da lambobin P. Kamar lugude ne, taɓarya biyu turmi ɗaya, ɗaya ta kuskure lokaci sai ka ji ƙwal. In lambar jira ta ɓace a hanya ɗaya, ko dai injin ya tsaya cak kowa na jiran kowa, wannan da sauƙi, ko kuma turet na ƙasa ya shigo lokacin da sifindil na dama yake tahowa karɓar kaya.

Karo a irin wannan injin ba wuƙa kaɗai yake karyawa ba, turet yana gocewa daga tsakiya, sifindil biyun su daina kallon juna daidai, sai an zo da agogon awo an yi kwana ana mayarwa. Shi yasa nake cewa kuɗin manhajar CAM, mai fitar da furogiram daga zanen kaya, wadda ta san injina masu hanyoyi da yawa, irin Esprit, GibbsCAM, Mastercam ko NX, da fos, wato mai fassara furogiram zuwa yaren injin, wanda aka gwada a kan ainihin samfurin injinka, da siffar injin a kwamfuta don a ga motsin kafin a taɓa ƙarfe, duk cikin kuɗin inji suke. Okuma da Nakamura suna da tsarin kare karo a kwamfutar injin, yana taimakawa, amma sai an shigar masa da tsawon wuƙaƙe da siffar cok daidai, in aka ba shi ƙarya shi ma ƙarya zai yi.

10. Ta yaya zan tabbatar da lokacin da dila ya faɗa min?

Kar ka yarda da kayan nunin da suke yi a biras yana ta sheƙi. Ba su zanen kayanka biyu ko uku, mai sauƙi da mai wahala, su ba ka lissafin lokaci a rubuce hanya-hanya, kowace wuƙa daƙiƙa nawa, jira nawa, da gudun yankan da suka ɗauka. Nan zaka kama wayo, domin ana iya rage zagaye ta hanyar ƙona haƙorin wuƙa, a ce daƙiƙa 50 amma duk ƙwaya talatin sai an tsaya an sauya.

Bayan nan a yi gwajin yanka da irin ƙarfenka, in da hali ma rodinka ka aika. A fara da inji a sanyaye, a buga ƙwaya 30 zuwa 50 a jere ba mai taɓa ofset, wato gyaran awon wuƙa, a sa wa kowace lamba, a auna a lissafa Cpk, lambar da take nuna yadda awo yake zama cikin iyakarsa, na ma'aunan da suka fi matsi. 1.33 shi ne abin da aka saba nema, masu kayan mota sukan nemi 1.67 a muhimman wurare. Ka tsaya da agogonka daga faɗowar ƙwaya zuwa faɗowar ta gaba, ka leƙa ta gilashi ka ga ɓarɓashin yana karyewa ne ko yana naɗewa a turet na ƙasa kamar gammo. Ka sa a rubuta cikin yarjejeniya cewa ragowar kuɗi sai an maimaita wannan gwajin a wajenka. Takardar gwajin masana'anta ta ISO 13041 da ISO 230 ka karɓa ka ajiye, amma ita injin take aunawa ba kayanka ba.

11. Me yasa awo yake gudu da rana alhali da safe daidai yake?

Zafi. Ƙarfe yana miƙewa kusan maikiron 11 zuwa 12 a kowace mita in zafi ya ƙaru da digiri ɗaya (maikiron dubu ne milimita ɗaya). Rabin mita na jikin inji, digiri 10 tsakanin asuba da azahar, ka samu sama da maikiron 50, kuma a kauri kuskuren ninkuwa yake tunda ta gefe ɗaya wuƙa take ci. Ma'aunin duniya a digiri 20 ake yinsa, rumfar kwano a watan Afrilu kuwa kowa ya san yadda take. Ka tambayi wane tsarin gyaran zafi injin yake da shi, sifindil da ruwan yanka suna da na'urar sanyaya ko babu, kuma a gwajin tambaya ta 10 ka kwatanta ƙwaya biyar na farko da biyar na ƙarshe. Ɗumama inji kafin fara aiki ba ɓata lokaci bane.

12. Bayan injin kansa me kuma zan saya?

Injin tura rodi, in ba shi ba duk maganar aiki ba hannun mutum ta tashi. Akwai gajere mai ɗaukar rodin da bai wuce tsawon sifindil ba, akwai dogo mai ɗaukar mita 3 wanda yake cin fili sosai. Dogon yana son rodi miƙaƙƙe mai santsi, rodin kasuwa mai ɓawo da lanƙwasa zai riƙa jijjiga injin ya ɓata fuskar kaya ya kashe boris, don haka ka fara sanin inda zaka riƙa samun rodi mai kyau kafin ka zaɓa. Sai famfon ruwan yanka mai matsi, matsin "bar" 70 shi ne aka saba, yana karya ɓarɓashin sitenles ya kuma wanke rami mai zurfi. Sai bel ɗin fitar da ɓarɓashi wanda ya dace da ƙarfenka, na biras da alminiyom daban da na dogon ɓarɓashin ƙarfe, da mai cafke kaya, da na'urar gane wuƙa ta karye, da mai zuƙe hayaƙin mai, da kwamfuresa mai busar da iska.

13. Ga wanda zai kafa shi a Kano ko Kaduna fa?

Wuta ce farko. Yawancin injinan Japan bolt 200 zuwa 220 suke ci a layi uku, namu 400 zuwa 415 ne, taransifoma dole kenan, sannan sitabilaiza da wayar da ake binnewa a ƙasa mai kyau. In an ɗauke wuta wuƙa biyu suna cikin ƙarfe, ka yi asarar kaya da wuƙaƙen, don haka da yawa sun gwammace su yi aikin kan janareta, shi ma a ba shi rata sosai sama da kVA ɗin da aka rubuta, domin sifindil in yana birki yana maido da wuta baya, ƙaramin janareta sai ya riƙa jawo alam. Ƙurar hunturu kuma tana toshe matatar akwatin lantarki, ruwan burtsatse mai gishiri yana ɓata ruwan yanka.

Sai babbar tambayar: in ya tsaya wa zaka kira? Ka tambayi dila injiniyansu mafi kusa a ina yake zaune, ya taɓa saita irin wannan samfurin, wane kayan gyara suke ajiyewa, wanne ne sai an yi oda. Kwamfutar Fanuc ta fi yawan masu saninta da kayan gyaranta, wannan kaɗai yana iya rinjayar zaɓi. Ka tuna inji ɗaya da ya haɗiye aikin injina uku in ya kwanta duka ukun ne suka kwanta. Maganar takardun shigo da kaya na Form M da SONCAP da kiren ɗin sauke tan goma da kaurin daɓen da zai zauna a kai, a gama ta kafin kwantena ta iso Legas.

14. Na hannu fa, tunda sabo ya fi ƙarfina?

Ana samun na kirki, amma kar ka saya a hoto. A kunna shi a gabanka ko gaban wanda ka yarda da shi, a juya kowane turet gida-gida, a sa agogon awo a ga sifindil biyun suna kan layi ɗaya, a saurari boris a gudu mai yawa, a gwada kowace wuƙa mai juyawa, a yi miƙa kaya daga hagu zuwa dama ko sau goma ne, in da hali a yi gwajin bolba na Renishaw, na'urar da take auna daidaiton motsin inji. Fenti sabo a turet ɗaya kawai ko murfin da aka buga aka miƙe, alamar tsohon karo ce. A kwafe maka duk faramitocin kwamfuta kafin a cire wuta, a sa sababbin batira, domin in suka mutu a teku injin zai iso ya manta kansa.

Wasu injinan Japan, irin na DMG Mori da Mazak, suna da na'urar da take kulle su in an ɗaga su daga inda aka kafa, saboda dokokin fitar da kaya na ƙasarsu, sai kamfanin ya ba da lambar buɗewa bayan ya san inda injin ya koma da aikin da zai yi. Ka nemi wannan amincewar a rubuce tun kafin ka biya. In kuma daga Amurka ya fito, bugun wutarsu 60 ne a daƙiƙa namu 50, famfunan ruwa da na haidirolik za su rage gudu da kusan kashi ɗaya cikin shida, sai ka tambaya ko motocinsu na duka biyun ne ko sai an sauya.